Yadda Na Ramar da Autan Hajiya

Ba na jin zan taɓa mantawa da washegarin babbar sallar da na je gaida surukata a Yalwawa, kuma ko na so in manta, matata Zainab tana nan da ranta, ba za ta bari ba.

A lokacin wata cuta ce ta kama ni, cutar gyaran hoton talabijin. Na sayi sabuwa na kafa a gidanmu na Takur, na kalli 'yan bidiyoyi a intanet inda ake koyar da daidaita haske da kala, shi ke nan na zama malami. Duk gidan da na shiga, kafin a kawo mini ruwa idona yana kan bango. Mutane suna sauraron labarai, ni ina kallon goshin mai karantawa, raina yana ɓaci don an mayar da shi kalar manja. A ofis har an fara ɓoye rimot idan na shigo (ni kuwa na ɗauka hassada ce).

Sadik shi ne autan su Zainab, yana bautar ƙasa a Kalaba. Kafin sallar, taifot ya kwantar da shi a asibiti a can. Ya tashi, amma ya rame ƙwarai. Babban wansu, Yaya Bashir, ya yanke hukunci cewa kada Hajiya, mahaifiyarsu, ta ji, domin tana fama da hawan jini, kuma tun rasuwar mahaifinsu ba ta da wata hira sai ta Sadik. Ni ma an gaya mini, na ce Allah ya ƙara sauƙi, na riƙe sirri kamar kowa. Da baki dai ban faɗa ba, wannan ko a gaban alƙali zan maimaita.

Idon Hajiya ba ya ganin hoton waya sosai, don haka duk bidiyon da Sadik ya turo sai a zuba a filash a saka mata a talabijin ɗin falo. Ranar ma haka aka yi. Abin da ya kamaci suruki mai kunya shi ne in durƙusa daga bakin ƙofa, in gaisa kaina a ƙasa, in wuce ɗakin Yaya Bashir in ci nama. Amma Hajiya tana cikin nishaɗi, falo cike da matan maƙwabta, sai ta ce, "Baban Ummi, shigo ka ga ƙaninka. Ka ga yadda abincin mutanen can ya karɓe shi."

Ga Sadik kuwa ya cika allo, yana yi wa kowa barka da salla, kumatu luhu-luhu, kafaɗu kamar na mai dambe. Mata sai tubarkalla suke yi. Wata ta ce in aka gan shi a hanya sai a ɗauka kansila ne. Hajiya tana dariya tana cewa, "Ni da nake kwana da tunanin babu tuwo a can."

Kowa Sadik yake kallo, ban da ni. Ni agogon bangon da ke bayansa nake kallo, ya koma kamar ƙwai a kwance. Nan take na gane matsalar: bidiyon bai kai faɗin allon ba, talabijin ta ja shi hagu da dama don ya cika. A wurina a lokacin wannan laifi ne da bai kamata a kwana da shi ba. Cewa tuni na san yaron nan ya tashi daga jinya, kuma mai taifot ba ya yin kumatu, ko kaɗan bai zo mini a rai ba.

Na ce, "Hajiya, ai wannan talabijin ɗin ba a daidaita ta ba. Da za a ba ni rimot."

Zainab ta yi tari. Ta ce, "Baban Ummi, namanka yana hucewa a ɗakin Yaya."

Na ce yanzu zan gama. Yaya Bashir, da yake tsaye a bakin ƙofa, ya ce, "Malam, bar ta haka nan. Mun saba da ita." Ya kafe ni da ido har yana ɗaga gira. Na ce a raina, ka ji mutane, an saba da ɓarna har ana kare ta. Hajiya da kanta ta zaro rimot daga ƙarƙashin matashi ta miƙo. "Ku ba shi mana, ai shi ya san kanta."

Na gyara zama. Na fara da kala, ina ragewa ina bayani, yadda ja idan ya yi yawa yake ɓoye ainihin fatar mutum (bayanin da babu wanda ya tambaya). Fuskar Sadik ta ɗan yi fari-fari, na ce yawwa. Na rage haske, ramukan ƙarƙashin idonsa suka fito, na ce kun ga yanzu komai ya fara bayyana. Zainab ta sake yin tari, wannan karon kamar za ta shiɗe, na ce a ba ta ruwa. Sannan na shiga wurin girman hoto na danna. Baƙi ya bayyana a gefe da gefe, agogo ya dawo zagayayye tsaf. Wallahi daɗi na ji har cikin raina.

Na ce, "To, yanzu ne kuke ganin ainihin abin da aka ɗauka." Na juyo don in karɓi yabo.

Babu wanda ya kalle ni. Na mayar da ido kan allo, sai a lokacin na ga Sadik. Wuya siriri, ƙasusuwa a waje, idanu sun faɗa, riga kamar an rataye ta a ƙusa. Kuma yana nan yana murmushi, yana cewa, "Umma, lafiyata ƙalau, ina ci ina ƙoshi, kada ki damu."

Hajiya ta sauko daga kujera ta matsa kusa da talabijin. Ta daɗe tana kallo.

"Bashir."

"Na'am, Umma."

"Wanne ne ɗana? Wannan ko na ɗazu?"

Yaya Bashir ya kalle ni, irin kallon da har yau ban manta da shi ba. Na yi ƙoƙarin gyarawa, na ce, "Hajiya, ai wani lokaci ita ma talabijin takan..."

Ta ce, "Kai ne fa ka ce yanzu ne ainihi."

Dole Yaya Bashir ya durƙusa ya faɗi komai, asibiti, ƙarin ruwa, da yadda ya ga talabijin tana faɗaɗa hoto ya ce a bar ta haka har yaron ya murmure. Matan maƙwabta suka fara neman takalmansu, wata ta tuna ta bar tukunya a wuta. Ni kuwa ina zaune da rimot a hannu, na rasa inda zan ajiye shi, na rasa inda zan ajiye kaina.

Da Hajiya ta yi faɗa da na fi samun sauƙi. Ba ta yi ba. Ta sa aka kira mata Sadik, ta shiga ɗaki da wayar ta rufe ƙofa. Da ta fito idanunta sun yi ja, ta zauna a inda ta tashi, ta gyara mayafi.

"Baban Ummi, sannu da aiki. Na gani, na kuma gode." Ta nuna talabijin. "Yanzu mayar mini da mai kumatun. Shi nake iya kallo in yi barci."

Na mayar. Na ja hoton ya cika allo, na ƙara ja, na ƙara haske, duk abin da na gama zagi ɗazu na dawo da shi da kaina. Sadik ya sake yin ƙiba a gabanmu, babu wanda ya ce tubarkalla.

A satin sai da jinin Hajiya ya hau aka kai ta ganin likita, kuma Yaya Bashir ya daɗe yana amsa gaisuwata a taƙaice. Allah ya taimake ni ta samu sauƙi, Sadik ma ya dawo da ƙafarsa. Abin da na koya bai da yawa: idan na shiga gidan mutane na ga abu a karkace, kuma duk mutanen gidan suna da ido, to akwai wanda ake lallashi da shi. Sai in gaisa, in ci abin da aka ba ni, in bar hannuna a aljihu.