Rasuwar Injin Hoton da ya Hango Ciwona

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda fushi ya ƙara wa nauyi, ni Bobbo na Furana nake sanar da jama'ar Ikara, Makarfi da Kudan rasuwar injin hoton MRI na asibitin da aka yi mini aiki.

Marigayin mai gaskiya ne. Lokacin da ciwon daji ya kama ni a dubura, kowa ya ce basir ne, shi kaɗai ya ƙi yarda. Aka tura ni cikinsa a kwance, yana ta gum-gum-gum, ƙirrr, har kunnena ya toshe. Ya duba yadda ruwa ke motsi a cikin ƙarin da ya tsiro mini, ya ga a matse yake. Da wannan hoton likita ya gane ƙarin mugu ne, ya ce a fara gasa shi da na'ura, a haɗa da magani, kafin a sa wuƙa. Yau ga ni ina bin shanuna.

Bai yi jinya ba, kashe shi aka yi. Safiyanu, wanda aka damƙa wa man janareton asibitin, shi ya riƙa kwashe man yana zuba wa injin ban-ruwan rakensa. Ran da aka ɗauke wuta, janareto ya ƙi tashi, abin da ke sanyaya marigayin ya tsaya. Marigayin ya fitar da farin hayaƙi ta rufin ɗaki, ya yi shiru.

Ya bar likitoci biyu da marasa lafiya da yawa, cikinsu har da ƙanwata Farida, wadda irin ciwona ya kama. Likita ya ce ba zai yanka ta ba sai ya ga hoton. Yanzu sai Kano, ga shi ba ta iya zama a mota, sai a kwance.

Safiyanu, ban yafe ba. Allah ya isa tsakaninmu, ya sa raken nan ya yi maka ɗaci a baki.

'Yan gwangwan za su ɗauki gawar ranar Asabar da hantsi. Zaman makoki kuwa a ƙofar gidan Safiyanu za a yi, a Makarfi. Kowa ya zo da tabarmarsa da mara lafiyarsa. Tabarmar Farida a bakin zaure zan shimfiɗa, inda ba zai fita masallaci ba sai ya tsallake ta.