Dattijo Ya Rasu Babu Mai a Cikinsa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma har yanzu ba ta huce ba, Raji ɗan gidan Alhaji Lasisi na Kwaciri, a nan Fagge, yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar babur ɗinsa, wanda jama'a suka fi sani da Dattijo. Ya rasu da hantsin ranar Asabar, bayan ruwan asuba ya ɗauke, gari ya yi lumshi, ƙasa tana ƙamshi, irin safiyar da ba ta yi kama da ta mutuwa ba. Ya cika ne a bakin titi daf da Tashar Jirgin Ƙasa, mai shi ba ya kusa. Allah ne ya bayar, Shi ne ya karɓa, ko da yake ta hannun wani ya karɓa, kuma za a zo kan wannan.

Marigayin ba haihuwar ƙasar nan ba ne. Beljiyam ne, ya riga ya yi wa wani Bature hidima kafin ya sauka a shagon Oga Ikechukwu mai kayan babur a Sabon Gari. Ya daɗe a ƙofar shagon ba wanda ya taya, don ba shi da cen. Kowa ya zo sai ya durƙusa ya leƙa ƙafar baya, ya ga babu sarƙa, ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa ya yi gaba. Abin da ke juya masa tayar baya wata sandar ƙarfe ce a ɓoye cikin bututu, ta tafi ta tarar da wani ƙoƙon ƙarfe a jikin tayar, inda haƙoran giya suke kwance cikin mai. Raji ya gan shi, ya ji tausayinsa, ya kai shi gida.

Tun daga ranar bai taɓa jin kunya ba. Dattijo bai taɓa tsinka sarƙa a tsakiyar titi ba, tunda ba shi da ita. Bai taɓa ɓata wa mutum ƙafar wando da baƙin mai ba, bai taɓa cafke wa Alhaja, mahaifiyar Raji, gefen zane ba, duk kai ta asibiti da ya riƙa yi. Ya yi dakon diloli daga Kantin Kwari zuwa wurin telolin Fagge, rana da ruwa, kuma da wannan dakon mai shi yake ci. Ba shi da hayaniya. In an tayar da shi da safe, abin da yake cewa kawai shi ne, “Hummm, dum, dum, dum,” kamar babban mutum yana gyaran murya kafin ya yi sallama. Daga nan ya samo sunansa.

Bai roƙi komai ba a rayuwarsa sai fetur, da baƙin mai, da kuma a canja masa man ƙoƙon nan na baya lokaci-lokaci. Wannan aikin Raji ba ya ba wa bakanike. Da hannunsa yake yi a tsakar gida. Sai ya zaga da shi unguwa tukuna, man ya yi ɗumi ya saki jiki. Ya ɗora shi a kan babbar ƙafarsa, ya tara tsohon kwano, ya kwance notin sama, sannan na ƙasa, ya zauna a kan turmi yana kallon man yana tsiyaya har ɗigon ƙarshe. Ba ya gaggawa. In ya gama tsanewa ya ɗaure na ƙasa, ya ɗura sabo har ya kawo bakin rami, ya rufe, ya goge.

Haka ya fara ranar Asabar ɗin. Mai ya tsane, sai ya ga 'yar wosha ta jan ƙarfe da ke jikin notin ƙasa ta tsage. In aka mayar da ita haka, yoyo za ta yi. Sai ya jefa notunan a aljihu, ya ɗaura jan ƙyalle a hannun babur, alamar kada a taɓa, ya rataye makulli a ƙusar ɗakin Alhaja, ya taka zuwa Sabon Gari neman sabuwa.

A nan ajali ya fito daga ɗaki yana miƙa, a siffar Kamaldeen, yayan Raji, wanda a gida ake ce wa Boda Kamal. Ba haihuwa ake yi ba, ba gobara ba. Hularsa zai karɓo daga wurin mai wankin hula. Ya shiga ɗakin Alhaja ya ɗauki makullin da ba nasa ba, kamar yadda ya saba ɗaukar takalmin Raji da cajarsa da turarensa. Ya sa ƙafa ya ture kwanon mai gefe. Jan ƙyallen kuwa ya kwance shi, ya goge wurin zama da shi, ya hau.

Masu shayi na bakin tasha su ne shaidun jinyar, wadda ba ta yi tsawo ba. Sun ce tun daga nesa suka jiyo Dattijo, wanda bai taɓa ɗaga murya ba, yana cewa, “Wiii, wiii.” Boda Kamal da ya ji haka sai ya ƙara wuta, wai ko zai washe. Kukan ya koma, “Ƙwaras, ƙwaras, ƙurrr.” Daga nan sai, “Ƙaf!” Tayar baya ta ƙame. Wanda ke kai ko ƙwarzane bai yi ba. Ya jingine gawar a bakin kwata, ya tare Adaidaita, ya je ya karɓo hularsa, ya dawo gida ya ci abinci ya wanke hannu, sannan ya ce wa Raji, “Kai, abin nan naka ya tsaya a wajen tasha, je ka duba.”

An tura marigayin zuwa shagon Oga Ikechukwu, ya buɗe ƙoƙon. Haƙoran sun cinye juna sun zama gari, ciki ya yi shuɗi, yana ƙauri kamar tukunyar da aka manta a wuta. Ya ɗago ya dubi Raji ya ce, “Ɗan'uwa, wannan ba ciwo ba ne, kisa ne. Wane mara imanin ne ya hau shi babu mai?” Ya buga waya Legas, ya buga Nnewi, ba a sami irin ƙoƙon ba. Ya ce a yi haƙuri, a fara sanar da dangi.

Da maganar ta je gaban Baba, mahaifinsu, Boda Kamal yana zaune da wankakkiyar hula a ka, ya ce, “Ni fa taya biyu na gani a jiki. Babur ɗin mutane in an kwance shi ana gani. Wa ya ce ya sayi mai ɓoye cikinsa? Kuma dama ai ya tsufa.” Baba ya ce, “Raji, yayanka ne. A bar maganar.” A gidan nan ƙarami ba ya ɗaga wa babba murya, ba ya ma kallon tsakiyar idonsa. Raji ya durƙusa ya ce, “To, Baba.”

To, an bar maganar. Wannan sanarwa ce, ba magana ba.

Kuma jama'a su shaida, Raji ba biya yake nema ba. Abu ɗaya yake jira, ya ji daga bakin yayansa: ni na kashe shi, ka yi haƙuri. Har yanzu da ake rubutun nan ba a faɗa ba.

Marigayin ya rasu ya bar tayoyi biyu masu sauran rai, da hular kwano, da sifanu, da sabuwar rigar kujera da bai more ba. Ya bar gorar man giya ko buɗe ta ba a yi ba, da 'yar woshar da aka je saye, wadda ta iso ta tarar da makoki. Ya bar teloli suna ta kiran waya. Ya kuma bar Raji a ƙasa, da dila a ka.

Raji mutum ne mai sanyi, kowa ya sani, ba ya yi wa kowa mugun fata. Sai dai in hular nan ta faɗa kwata ranar ɗaurin aure, ba zai yi mamaki ba. In duk Adaidaitar da Boda Kamal ya shiga ta mace a tsakiyar ruwa aka ce fasinja su sauko su tura, wannan ikon Allah ne. Gaisuwar safe zai ci gaba da yi, don tarbiyya ce, amma ba zai ƙara tambayar gajiya ba.

Game da jana'iza: 'yan gwangwan sun zo har gida sun taya, an sallame su. Za a ɗauko gawar a kan kura daga Sabon Gari gobe Lahadi bayan la'asar, a kwantar da ita a ƙofar ɗakin Boda Kamal, yadda sai ya karkace zai fita, sai ya karkace zai shiga. Baba cewa ya yi a bar maganar, bai faɗi inda za a ajiye babur ba. A nan za a riƙa karɓar gaisuwa kullum da safe, daidai lokacin fitar mai ɗakin. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya su ɗaga murya in za su tambayi abin da ya same shi, za a ba su amsa tun daga farko, a tsanake. Ranar da aka faɗi kalmar da ake jira, ranar za a miƙa Dattijo ga 'yan gwangwan, kowa ya huta. Allah ya maye gurbinsa da mafi alheri.

Wurin ma an riga an gyara. Ɗazu da yamma Anti Bilikis, matar Boda Kamal, ta fito ta kwashe rishonta da bokitanta daga ƙofar ɗakin, ta share, ta kawo bulo ta ajiye inda ƙafar babur za ta tsaya, don kada ta nutse a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ta koma ciki ta saki labule.