A Kawo Ramin

Yau da fuskar da na kwana da ita na fita, domin ɗan ruwan da ya rage a randa, mai ɗakina Rahmatu ta ce na tuwo ne, ni kuwa ban isa in yi jayayya da tuwo ba. Tankar da ke kawo mana ruwa a Limawa ta ɓace kwana goma sha ɗaya, ta leƙo Talata da Laraba, ta sake ɓacewa. Famfon unguwa kuwa, tun ranar da aka buɗe shi da kiɗa da jawabi bai sake ɗigo ba. Awaki ne ke susa a jikinsa.

Sai na tsallaka gidan maƙwabcina Baba Jiya, bakaniken da ke kula da motocin wani ofishi da ba zan kama sunansa ba, don ina son in ci gaba da kwana a ɗakina. Shekara ashirin da biyu yana aikin nan, saura wata huɗu ya ajiye da takardar yabo. Na same shi zaune a ƙofar gida, a lokacin da ya kamata a ce yana ƙarƙashin mota.

"Baba, lafiya? Yau ba aiki?"

"Zauna, Malam," in ji shi. "Mota ba shi da laifi."

Ashe tankar tamu ta ofishinsu ce, kuma injinta ne yake ta zafi. Baba Jiya ya gano tamosta ce ta mutu, wato ɗan ƙarfen nan da ke buɗe wa ruwa hanya idan inji ya ɗau zafi. Aikin rabin sa'a ne. Ya sa sabuwa, ya mayar da murfi, ya ɗaure noti biyun da ke riƙe da shi. Yana goge hannu sai ga shugaban ofishin, Mai Girma Uban Tebura, Allah ya ƙara masa tebur, tafe da mai ɗaukar hoto, wai don jama'a su ga yadda maganar ruwa ta hana shi barci. Ya naɗe hannun riga, ya ce a miƙo sifana.

"Ranka ya daɗe, ya ɗauru. A bar shi haka," in ji Baba Jiya.

Wa zai saurari bakanike alhali ga mai hoto? Mai Girma ya murɗa. Mai hoto ya ce bai shirya ba, a sake. Ya sake. Aka ce fuskar ba ta nuna ƙwazo ba, sai ya zura bututu a sifana ya danna da duk albarkar da ofis ya tara masa a ciki. Noti ya yi ƙara ɗaya, ya fara juyawa kamar ludayi a koko.

"Kun gani?" in ji Mai Girma. "Yanzu ya yi laushi. Haka ake aiki."

Aka tafa. Baba Jiya ya zare noti, haƙoran ramin da ake ɗaure shi a ciki suka biyo shi sun zama gari.

Maganin ba wuya: a ɗan faɗaɗa ramin, a yanka masa sababbin haƙora, a sa noti mai kauri. Ya tafi sito neman kayan. Sarkin Sito, wanda ko allura ba ta fita hannunsa sai da fom, ya tuna masa doka: ba a ba da sabo sai an kawo wanda ya lalace. Da aka miƙa masa notin, ya jujjuya shi ya ce, "Wannan ai lafiyarsa lau."

"Ramin ne ya lalace, ranka ya daɗe."

"To, kawo ramin."

"Rami yana jikin inji. Inji yana jikin mota. Mota ba ya tashi."

"Wannan ba ya cikin fom ɗina," in ji Sarkin Sito, ya rufe taga.

Kwana tara fayil na zaga tebura yana shan hatimi. Mu kuwa matanmu na zarya rafi da garwa a ka, yara na ciwon ciki. Ranar da Baba Jiya ya ga matarsa Sara, tsohuwa da ita, ta zame da garwa a gangare, haƙurinsa ya ƙare. Ya je Sabon Gari wurin wani mai fasa tsofaffin injuna da ake kira Kudu, ya aro ƙarfen yanka haƙora, ya tsinci noti mai kauri a tulin ƙarafa. Ya huda ramin, ya ɗiga mai, ya riƙa murɗawa a hankali, rabin juyi gaba, kaɗan baya. Da la'asar inji ya tashi. Ruwan Talata da Laraba ke nan da muka sha muna sa wa hukuma albarka.

Ranar Alhamis kwamiti ya zauna. Hukuma, a yaba mata, ba ta wasa da aiki idan laifin na ƙarami ne. Aka same shi da faɗaɗa ramin hukuma ba izini, da cusa notin da ba a san iyayensa ba a injin hukuma. Aka tambaye shi wa ya lalata ramin tun farko. Ya ɗaga kai ya dubi bango, inda aka rataye hoton Mai Girma da sifana a hannu. 'Yan kwamiti duk suka dubi rufi.

Aka sallame shi a ranar, ba takardar yabo, ba sannu da aiki. Kafin ya fita aka umarce shi ya cire baƙon notin, ya mayar da na hukuma. Na hukumar ya faɗa ramin yana lilo.

"Malam, ba korar ya fi ci mini rai ba," in ji shi, idonsa ya yi ja. "Ni suka sa na kwance shi. Da hannuna."

Takaici ya tokare ni, har yanzu da nake rubutun nan bai sauka ba.

Amma kada ku ɗaga hankali, mutanen Limawa. Na ji daga majiya mai tushe cewa an yi odar sabon rami daga ƙasar waje. Fatana dai a ɗaure shi da kyau a jirgin ƙasa, kada ya zube a hanya.