Ɗigon Ruwan Wankan Sarauniya

Wani ne a nan tsaunukanmu na Madagaska, zamanin sarauniyar nan da ta tare kogi ta shayar da fadamun shinkafa, ta kuma kori ɓarayin shanu har bakin teku. Kun dai san al'ada: sau ɗaya a shekara take wankan biki, a ɗebo ruwan a ƙahon bijimi, a yayyafa wa jama'a don albarka.

Mutumin nan ya kutsa taro, aka tattake shi, aka yage masa mayafi, amma ɗigo ɗaya ya sauka masa a tsakar ka. Ya dawo gida a hankali, wuya a sandare.

Matarsa Ravao ta ce, "Maigida, na kai maka ruwa."

"Na me?"

"Na wanka mana."

"Ke! Ruwan rijiya a kan ruwan sarauniya? So kike ki wanke mini albarka?"

Wata guda bai yi wanka ba. Hadari na haɗowa sai ya kifa tukunya a ka. Wata uku ya daina shiga fadama, wai kada gumi ya gangaro da ɗigon. Wata shida shanunsa suka koma garken maƙwabci da ƙafarsu. Ni dai Ravao nake tausayi, don a wata na tara ƙudaje ma sun haƙura.

Ta ɗaure kayanta. "Ko ka yi wanka, ko in koma gidan ubana."

"Haba, uwar yara! Ɗigo ɗaya shekara ɗaya yake aiki. Ranar biki wa'adinsa ya cika, daga can kogi zan wuce."

"In aka sake ɗiga maka fa?"

"Can baya zan tsaya. Ko feshi ba zai taɓa ni ba."

Ranar biki ya tsaya can baya kuwa. Sai iska ta kaɗo warinsa. Jama'a suka dare gida biyu, hanya ta buɗe fetal daga gabansa har gaban sarauniya. Matar da ba ta taɓa ja da baya a fagen yaƙi ba, ran nan sai da ta yi taku uku.

Ta toshe hanci. "Me ya mutu a garin nan?"

Ya faɗi ya yi gaisuwa. "Ranki ya daɗe, ba abin da ya mutu. Albarkarki ce ta bara, ko kaɗan ban taɓa ta ba."

"Ku wanke shi! Yanzun nan!"

Dogarai suka duba, ba ruwa kusa sai na wankanta. Suka ciccibo bahon gaba ɗaya suka juye masa.

Ya iso gida sharkaf, tukunya a ka. Ravao ta fito da gudu tana murna.

"Madalla! Har ka yi wankan?"

"Wane wanka? Ɗigo ɗaya ma shekara na yi ina riƙonsa, yau baho guda aka juye mini. Ki gaida mini su Baba."