Rasuwar Magulmaciya a Garejin Delbert Kroeker

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da na rasa inda zan sauke shi, ni Delbert Kroeker, mai walda a garin Pruitt Wells ta jihar Kansas, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da duk mai eriya a kan rufinsa rasuwar na'urata ta sauraron rediyon 'yan agaji, wadda matata Verna, Allah ya jiƙanta, ta raɗa wa suna Magulmaciya. Ta cika ranar Laraba da hantsi a kan bencin garejina, tana da shekara ashirin da shida. A hannuna ta cika. In za a faɗi gaskiya, da hannuna.

Marigayiya ba ta taɓa yin waƙa ba, ba ta taɓa tallan magani ba. Abin da ta jiyo a iska shi take faɗa, ba ragi ba ƙari. Jajayen fitilunta takwas suna bin juna, tana leƙa mitar 'yan sanda, ta leƙa ta motar asibiti, ta leƙa ta masu duban guguwa, inda ta ji motsi ta tsaya cak. Sau biyu ta tura mu ɓuyan guguwa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa tun jiniyar gari ba ta buɗe baki ba. Ta sha ƙurar ƙarfe, ta sha kofi sau uku, ta faɗo daga kan benci shekarar da aka yi ƙanƙara, ko tari ba ta yi ba.

Ta san taken kowace tashar 'yan kwana-kwana a wannan ƙaramar hukuma. Ta ɗaya, tiii, tuuu. Ta uku mai hanci ce. Ta huɗu ƙara ce mai kauri sai siririya ta biyo, buuu, tiiii, sannan muryar Marlys mai rabon kira a ofishin agajin gaggawa: "Tasha ta huɗu, tasha ta huɗu, ciyawa ta kama a hanyar rumbun hatsi, iska daga kudu." A ɗan yi shiru. Sai wata murya, da ƙarar injin a bayanta: "Mota ta tara, mun tashi."

Wannan muryar ta ɗana ce, Royce. Ɗan sa-kai ne, shi ke tuƙa motar ruwa. Zan faɗa a nan tunda dama duk gari an sani. Ranar da muka binne mahaifiyarsa, a harabar coci, gaban mutane, na ce masa fargabar aikinsa ce ta cinye mata zuciya. Ya ajiye farantin da ke hannunsa ya tafi. Shekara shida ke nan. In mun yi kiciɓis a gidan mai, yakan ɗaga yatsa ɗaya daga sitiyari, yadda ake yi wa kowa. Ni ban iya ba da haƙuri ba, a aji takwas na bar makaranta kuma ba su koya mana ba. Amma duk shekarun nan ba a fita da motar nan ban kashe injin walda na tsaya ba, har sai marigayiya ta kawo mini sauran zancen: "Mota ta tara, mun dawo, mu uku." Daga muryarsa nake sanin ya yi mura. Daga muryarsa na gane ya daina taba. Ba ta taɓa yi mini gorin wannan ba, kuma ba ta taɓa gaya masa ina saurare ba.

Ta yi wa jama'a hidima. Mu shida ne 'yan sauraro a garin nan, muna haɗuwa Alhamis da safe a shagon shan kofi, kuma muna da takardar da muke rubuta mita da take na kowace tasha, mu raba wa masu sha'awa na wasu garuruwa. Dokarmu guda ce. Lamba ba ta shiga takarda sai mutum biyu sun ji ta da kunnensu a gida biyu, sun rubuta rana da lokaci. Litinin ta farkon wata, sha biyun rana, ofishin agaji yakan gwada taken tashoshi ɗaya bayan ɗaya, mu kuma kowa na gidansa da fensir. Ba a taɓa kama marigayiya da kuskure ba. Ita ake ƙure gardama da ita.

Ciwon ajalinta ya fara Litinin ta farkon watan Maris. Sha biyu ta buga, fensir na hannuna, fitilu na ta zagaye, ba su tsaya ba. Sha biyu da kwata, ba su tsaya ba. Masu duban yanayi suna nan, jirgin ƙasa yana nan, amma 'yan kwana-kwana da motar asibiti kamar ƙasa ta haɗiye su.

To a cikinmu, da ka ce na'urarka ba ta ji, gara ka ce kai ne ka kurumce. Alhamis na je shago na zauna. Doyle Penner, wanda muka yi shekara talatin muna gardama, ya dube ni ta saman tabarau.

"Tsoho, ya ka ji gwajin Litinin?"

"Kamar kullum," na ce.

"Kamar kullum," in ji shi. "Ta ukun ce dai ta ɗan yi rauni a wajena."

"Eriyarka ce. Na gaya maka sandar shanya ce ka kafa."

"Sandar shanyar ta girmi haƙoranka."

Sauran huɗun suka gyaɗa kai, aka sa hannu a takarda an tabbatar, aka ci kek ɗin tuffa aka watse. Mutum shida, ba wanda ya ji ko tari a cikinmu, kowa na zaton tasa ce kaɗai ke jinya.

Na yi mata abin da zan iya. Na hau rufi da gwiwar nan tawa na sauya eriya. Na sauya waya. Na hura mata iska, na shafa mata hannu, na zage ta. Alhamis ta biyu ma na sake yin ƙarya, su ma suka sake. Ranar Larabar da ta biyo na sa sukundireba na buɗe bayanta. Ni mutum ne da ya saba da ƙarfen tirela da garma, hannuna bai san ƙaramin abu ba. Na ga wani wuri da ya yi mini kama da tsatsa, na ɗora masa dalma. Ta ce fit. Wani siririn hayaƙi ya tashi. Fitila ta biyar ce ƙarshen mutuwa.

Washegari Doyle ya shigo shago da takardar da ya yago daga allon gidan waya, ya shimfiɗa a tebur. Tun farkon wata hukuma ta kwashe 'yan agaji gaba ɗaya ta mayar da su sabon tsari, wanda ake kulle murya a cikinsa, sai mai mabuɗi ke ji. Wata guda takardar na manne, mu masu tabbatar da labari muna wucewa ta gabanta.

"Ashe lafiyarta ƙalau," na ce.

"Wa?"

"Ba kowa."

Ya daɗe yana kallona. "Delbert, buɗe ta ka yi?" Na ci gaba da juya kofina. Ya turo mini nasa kek ɗin, abin da bai taɓa yi ba.

Kada wani ya zo mini da zancen sayen sabuwa. Doyle ya aro mai tsada daga wani gari, mun nemo sabuwar mitar, mu biyu a gida biyu, mun tabbatar da ita bisa doka. Tana cikin takarda yanzu. Abin da ke fita daga cikinta shi ne zzzz, kamar ƙuda a kwalba.

Asabar da ta wuce da azahar hayaƙi ya tashi yamma da gari, iska na kaɗawa kamar za ta ɗauke rufi. Motar ruwa ta wuce ta gaban garejina da jiniya. Ban ga fuskar direba ba, ba na bukata. Na koma ciki na kunna marigayiya, na san ta mutu, na kunna dai. Na ja kujera bakin titi. Motar asibiti ta wuce yamma. Ta dawo da gudu. Wa ke ciki? Awa huɗu ina zaune da hannu a cinya, har motar ruwa ta dawo baƙa ƙirin, gilashinta ya yi toka, na kasa ƙirga kawuna. Sai Lahadi a coci na ji cewa wani manomi ne hayaƙi ya kayar. Na gode wa Allah, sannan na ji kunyar godiyar.

Ta rasu ta bar eriya ɗaya sabuwa ful da ba ta da abin kamawa, da littattafan rubutu goma sha ɗaya cike da lambobin da ba mai amsa su, da ƙawayenta biyar a gidaje biyar, masu rai amma ba su da abin faɗa. Ta bar ni.

Za a yi jana'iza Asabar mai zuwa, ƙarfe goma na safe, a bayan garejina. Na haɗa mata akwatin ƙarfe, wannan kam na iya. Na roƙi Marlys ta yi mata kiran ƙarshe a iska, yadda ake yi wa ɗan kwana-kwana in ya rasu, a kira shi sau uku ba amsa sannan a sallame shi. Ta ce, "Kawu Delbert, ko na yi, wa zai ji?" Don haka Doyle zai yi da baki. Akwai kofi da miyar wake da nama. Kada a kawo furanni.

Mai son yi mini ta'aziyya, abu ɗaya nake roƙo. Duk wanda gidansa ke kallon tasha ta huɗu, in ya ga motar ruwa ta koma ciki, ya ƙirga waɗanda suka sauko ya buga mini waya. Ba sai ya gaishe ni ba, lamba kawai zai faɗa. In kuma direban motar ya ga wannan sanarwa ya zo da kansa, kada kowa ya ce masa komai, kada a dube ni. A ba shi kujera kusa da benci, a zuba masa kofi. Haƙurin da ban iya bayarwa ba, zan yi ƙoƙari.