Masanin Teku a Jirgin da Ke Ɗaure

Ko na tsufa ba zan taɓa mantawa da ranar da na je Paris a matsayin masanin teku ba. Ni ɗan Damagaram ne. Shekara uku na yi a Lyon ina nazarin dokokin da ke sa ƙasashen bakin teku su haɗa kai kan kamun kifi da hana gurɓata ruwa. (Tekun kuwa sau biyu na gan shi, duk ta tagar jirgin sama.)

Wata ƙungiya ce ke neman wanda zai taya ta tsara daftarin irin wannan doka. Ina bukatar aikin, don takardar zamana ta kusa ƙarewa, in ban samu ba sai gida. Da suka tambaye ni a waya ko na saba da teku, na ce sosai ma. Sai suka gayyace ni Paris in yi musu bayani.

Malam Abakar, dattijon da muke haya tare a Saint-Fons, a gefen Lyon, wanda ya taso a bakin tafkin Cadi, ya duba takardar gayyatar.

"Ɗana, a cikin jirgin ruwa za ku zauna. Kada ka cika ciki, ka riƙe citta a baki, tana hana tashin zuciya."

"Baba, ai a ɗaure yake a bakin kogin Seine, ba inda za shi."

Ina isa Paris na biya Château Rouge, unguwar 'yan Afirka, na narki dambu da mai, na kora da fura.

A cikin jirgin, mutum biyar ne suka zauna saurarona, har da shugabar ƙungiyar. Ina tsakiyar bayanin cewa kifi bai san iyaka ba, don haka babu ƙasar da za ta iya kula da teku ita kaɗai, sai jirgin 'yan yawon buɗe ido ya wuce. Namu ya ɗan yi lilo. Ruwan kofin shugabar ko zuba bai yi ba, ni kuwa na rungumi tebur. Da na biyu ya wuce, na tambaya inda ake ajiye rigunan ceto. Na uku bai gama wucewa ba dambu ya dawo, cikin kwandon shara, ƙarƙashin taswirar tekun Atlantika. Da rarrafe na haye gadar katakon da ta haɗa jirgin da tudu. (Taku huɗu ce, na ƙirga daga baya.) Kunya ta sa na kasa ɗaga kai.

Shugabar ta biyo ni da hankici.

"Monsieur, daga wace ƙasa ka ce?"

"Nijar, Madam."

"Akwai babi a daftarin kan haƙƙin ƙasashen da ba su da teku, mun rasa mai rubuta shi. Ofishin yana hawa na uku, ba ya motsi."

Babin nake rubutawa har yau. Yanzu in an tambaye ni teku, cewa nake a takarda na san shi, kuma kafin in amsa gayyata sai na tambaya a kan me ɗakin yake tsaye. Malam Abakar bai taɓa tayar da maganar ba, sai dai duk shayin da ya haɗa mini da citta yake zuwa.