Keken Ladi 'Yar Shekara Tara

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai wa mace mai shekara arba'in da biyar keken yara ba, har da balan-balan a ɗaure.

Lokacin ina shugabar sashen shirye-shiryen yara da matasa a wani gidan talabijin a Abuja. Ga ofis, ga direba, ga gida mai ɗaki uku, ni kaɗai a ciki kamar mai gadi. Shirina na Asabar yana da filin karanta wasiƙun yara, sai dai wasiƙun ba sa zuwa, oga kuma ya fara cewa shirin da ba a kallo gara a rufe shi. Sai na koma rubuta su da kaina, da hannun hagu, don rubutun ya yi kama da na yaro (ku yi mini uzuri, shekara goma sha biyu na zuba a shirin nan, ba ni da wani abin).

Sunan da ya fara faɗo mini shi ne na Ladi, ƙawata ta firamare a Kafanchan, wadda rabona da ita tun bikinta. Na mai da ita 'yar shekara tara, na sa adireshin gidansu na kwatas ɗin reluwe. Duk mako Ladi tana ba da labarin tsinkar mangwaro a bayan tasha, da rawar Kirsimeti, da wata ƙawarta da ta tafi birni. Gaskiya har ɗokin ranar rubutun nake yi, don ban da Ladin ƙaryar nan babu mai yi mini hira.

Ladi ta yi farin jini. Oga ya ce a sayi keke a kai mata har gida da kyamara, kuma da shi za a je. Ban tsorata sosai ba. Kwatas ɗin ya tsufa, zan ce sun tashi.

Ashe suna nan. Muna ƙwanƙwasa ƙofa sai ga Ladi ta gaske da zanen zumuntar matan coci da tabarau, hedimistires guda, ashe ta dawo gidan da zama. Na laɓe a bayan mai kyamara (mutum ne siriri, bai rufe ko rabina ba). Oga ya rusuna ya ce, "Mama, mun zo wurin 'yarki Ladi."

"Ni ce Ladi," in ji ta. "Yarana duka maza ne."

Ya miƙa mata wasiƙun. Ta tsaya tana karantawa ɗaya bayan ɗaya, maƙwabta sun cika ƙofa, balan-balan ɗaya ya fashe. Da ta zo kan mangwaron bayan tasha sai ta ɗago, ta neme ni da ido har ta same ni. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na zaci tsawa za ta yi mini irin wadda ake yi wa 'yan makaranta, amma a hankali ta yi magana.

"Wasiƙa talatin da sunana, har lambar gida ba ki manta ba. Ko ɗaya ba ki iya aiko mini ba? Da Baba ya rasu, sati biyu ina duba hanya."

Ta karɓi keken, ta ce yaran makarantarta za su hau. Ba ta ce in shigo ba.

Shirin ya tsira da ƙyar. Ni kuma aka ba ni hutun dole na wata guda, na cinye shi a gidan nan mai ɗaki uku, ina kallon bango.

Abin da na koya shi ne, in har kin iya tuna lambar gidan mutum don yin ƙarya, to kin iya tuna ta don gaisuwa. Yanzu duk Asabar ina kiran Ladi. Wani lokaci takan ɗauka.